Sawu a Cikin Dutse: Tambayoyi da Amsoshi kan Ramukan Halittun Teku da Zurfin Ruwan Da

Wani dattijo mai haƙar rijiya ne ya jawo wannan rubutu. Ran nan bayan la'asar ya same ni a ƙofar gida da dunƙulen jan dutse a leda, ya ce daga wata rijiya da suke haƙa a wajen Kurna ya fito. Jikin dutsen duk hudoji ne, wasu a miƙe, wasu a karkace, kamar an yi ta soka masa tsinke tun yana ɗanye.

"Malam, jikana da ke jami'a ya ce wai ramukan tsutsar teku ne, wai a da Kano a ƙarƙashin ruwa take. Ni dai shekara 40 ina shiga rijiya, ban taɓa jin haka ba."

Na juya dutsen na ce, "Baba, marmara ce wannan. Saiwa da gara da ruwan sama ne suka huda ta. Amma jikan naka bai yi ƙarya duka ba, wurin kawai ya ɓata."

Tun daga ranar nake tara tambayoyin da ɗalibai da magina da sauran masu son sani suke yi mini a kan wannan batu na sawun halittun teku a cikin dutse, musamman dutsen farar ƙasa, da abin da yake faɗa kan zurfin ruwan da. Ga su nan, yadda ɗaya ke jawo ɗaya.

Mene ne sawu a cikin dutse, kuma me ya raba shi da ƙashin da ya zama dutse?

Idan dabba ta mutu, ƙashinta ko haƙorinta ko ɓawonta ya daskare a cikin dutse, wannan gawa ce. Sawu kuwa aikin da ta yi ne tana da rai: ramin da ta haƙa, hanyar da ta ja ciki, gurbin da ta kwanta, hudar da ta yi wa ɓawon wata, har da kashin da ta yi. Duk wanda ya taɓa zuwa bakin kududdufi da sassafe bayan ruwa ya ja baya ya ga ɗanyensa: layin dodon koɗi a kan laka, 'yan curin ƙasar da tana ta turo, sawun belbela. Abin da ya rage kawai wata sabuwar laka ta rufe su kafin su goge, sannan a ba su shekaru miliyoyi.

Babban bambancin shi ne gawa tana tafiya, sawu ba ya tafiya. Ruwa na iya ɗaukar ɓawon katantanwa daga gaɓa ya kai shi can ƙasan teku ya ajiye, mai bincike ya tsince shi ya ruɗe. Rami kuwa da zarar ruwa ya ɗauke shi ya rushe. Inda ka gan shi, nan aka haƙa shi. Ga shi kuma yawancin masu haƙar ba su da ƙashi ko ɓawo, tsutsotsi ne masu laushi, ba don ramukansu ba da babu wanda zai san sun taɓa rayuwa.

Wane dutse ne dutsen farar ƙasa?

Shi ne wanda ake ƙonawa a yi siminti. Sinadarinsa ɗaya da na ɓawon ƙwai da na dodon koɗi, wato kalsiyam kabonet. Yashi kogi ne ke kawo shi daga tudu, amma mafi yawan dutsen farar ƙasa a cikin teku aka haife shi, daga ɓawon katantanwa da murjani da gansakukar ruwa da wasu halittu da ido ba ya gani. Ya fi son ruwa mai ɗumi, garau, wanda rana ke ratsawa. A yau ana ganin sabonsa yana taruwa a tsibiran Bahamas da gaɓar Abu Dabi.

Sai dai ba nan kaɗai ba. Ƙananan halittun da ke yawo a saman teku suna mutuwa, ɓawonsu ya yi ta sauka ƙasa kamar ƙurar hunturu, ya taru ya zama laka fara. Farin gaɓar Doba ta Ingila daga irin wannan ta samu. Sai an wuce zurfin mita 4,000 zuwa 5,000 ne ruwa ke narkar da ɓawon kafin ya taru. Ka ga ke nan dutse ɗaya ne a ido, amma yana iya zama na ruwan da bai wuce gwiwa ba, yana iya zama na zurfin kilomita uku. Dole a nemi wata shaida, sawu na cikin waɗanda suka fi ƙarfi.

To ta yaya rami zai faɗi zurfin ruwa?

Tsutsa ba ta san mita ba. Abin da ta sani shi ne motsin ruwa, inda abinci yake, yawan iskar oksijin, da taurin ƙasar da take haƙa. Waɗannan huɗun ne ke sauyawa idan ana gangarawa daga gaɓa zuwa ƙasan teku, dabarar neman abinci kuma ta sauya tare da su.

Fara daga gaɓa, inda raƙuman ruwa ke duka dare da rana. Yashi ba ya zama wuri ɗaya. Abinci ma ba ya kwanciya a ƙasa, yana yawo cikin ruwa. Dabbar da ta ce za ta yi rarrafe a fili, ruwa zai kwashe ta ko tsuntsu ya ɗauke ta. Mai hankali sai ta haƙa rami a miƙe zuwa ƙasa kamar rijiya, ta yaɓe bangonsa, ta zauna a ciki tana tace abin da ruwa ya kawo bakin ƙofa. Shi ya sa dutsen gaɓa ke cike da bututu a tsaye, iri kaɗan amma da yawa. A arewa maso yammacin Sikotilan akwai wani dutsen yashi da ya haura shekara miliyan 500, bututun sun cika shi kamar an ɗaure damin kara.

Gangara kaɗan, ƙasa da inda raƙuman yau da kullum ke kaiwa. Ruwa ya lafa, sai in an yi guguwa. Abinci na sauka ya kwanta a kan laka, ya cuɗu da ita. A nan kowa ya samu sana'a: masu rarrafe, masu kiwo a sama, masu haƙa hanyoyi a kwance suna cin laka, masu kwanton ɓauna. Nan ne kasuwar Kurmin teku, ba inda ya kai shi yawan iri. Wanda ya fi yawa a dutsen farar ƙasa na wannan mataki shi ne ramin jatan lande, hanyoyi masu kaurin yatsa zuwa na damtse da ke rassa suna haɗuwa, sak lungunan cikin birni, ka shiga ta Yakasai ka ɓulla ta wani wuri da ba ka zata ba.

Gangara kuma, inda ko guguwa ba ta taɓa ƙasa. Duhu, laka mai laushi, sau da yawa iska ta yi ƙaranci. Masu jurewa kaɗan ne, kuma aikinsu na haƙar ma'adinai ne: dabba ta kafa rami ɗaya, ta yi ta share laka layi bayan layi tana zagayawa, ta bar zane kamar na tsintsiya a tsakar gida, wasu su ce wutsiyar zakara.

Can ƙasan teku kuwa talauci ne. Abin da ke saukowa daga sama bai taka kara ya karya ba. Dabbar da ke nan kamar mai kala take a gonar da aka riga aka girbe, ba ta da ƙarfin da za ta ɓata wajen bin inda ta riga ta bi. Sai ta tafi ta juyo daf da layinta na farko, ta sake juyowa, kamar mai huɗa da shanu yana tayar da kunya kusa da kunya. Wasu su nannaɗe kamar gammo. Duk inda ka ga irin wannan tsari na tsimi da tattali, ka fara zargin ruwa mai zurfi.

Wa ya fara tsara wannan, kuma me ake kiran matakan?

Wani Bajamushe ne, Adolf Seilacher, ana furta sunan kamar Zailaha. An haife shi a 1925, ya koyar a jami'ar Tubingen da ta Yel a Amurka, ya rasu a 2014. A 1953 ya kasa sawu bisa abin da dabbar ke yi: zama, hutu, tafiya, kiwo, haƙar abinci. A 1967 ya fitar da bayanin da ya ɗaure rukunan sawu da zurfin ruwa, kowane rukuni ya ɗauki sunan sawun da ya fi wakiltarsa. Sunayen na Latin ne, haka za ka same su a kowace ƙasa: Skolithos ga masu bututu a tsaye, Cruziana ga kasuwar tsakiya, Zoophycos ga mai zanen tsintsiya, Nereites ga masu kala a ƙasan teku. Ramin jatan lande mai lunguna kuma Thalassinoides.

Kafin shi an daɗe ana tafka kuskure. Masana ƙarni na 19 da yawa sun ɗauki waɗannan zane-zane a matsayin ciyawar teku da ta zama dutse. Sai a 1881 wani ɗan Suwidin, Alfred Nathorst, ya saki tsutsotsi da ƙananan dabbobin ruwa a kan laka mai laushi, ya nuna suna zana irin abin da ake kira ciyawa. Gani ya kori ji.

Zai iya faɗin mita nawa ne daidai?

A'a, kuma duk wanda ya ɗaga dutse ɗaya ya ce maka zurfin mita 37 ne, ka yi masa murmushi kawai. Iyakokin da sawu ke nunawa na motsin ruwa ne. Motsin raƙumin ruwa yana mutuwa ne a zurfin da ya kai rabin tazarar da ke tsakanin tozo da tozo. Idan tazarar mita 20 ce, ƙasa da mita 10 shiru ne. A buɗaɗɗen teku raƙuman guguwa na iya motsa ƙasa a zurfin da ya wuce mita 100. A tekun da tudu ya kewaye ba sa zuwa ko kusa. Kwatanta yadda iska ke tayar da ruwan Tiga da yadda take kaɗa kududdufin unguwa, iska ɗaya ce, fili ne ya bambanta.

Abin da sawu ya ƙware a kai shi ne ya ce wannan shimfiɗa ta fi waccan zurfi. Idan kana hawa bangon dutse daga ƙasa, ka ga zanen tsintsiya, sama da shi lungunan jatan lande, sama kuma bututu a tsaye, ka san teku yana ja da baya ne a wannan zamani. In jerin ya juye, ruwa ne ke cin tudu.

Ba ya yin kuskure ne?

Yana yi, kuma a ganina wannan ce tambayar da ɗalibi ya fi buƙata. Na sha ganin wanda ya haddace sunaye huɗun nan ya je jarrabawa ya zuba su kamar karatun allo, amma a gaban dutse ya faɗa rami.

Na farko, guguwa. Tana iya kwaso yashin gaɓa ta shimfiɗa shi a kan lakar tsakiya. Masu bututu a tsaye su zo su zauna a cikinsa na ɗan lokaci, laka ta dawo ta rufe. Wanda ya kalli wannan siririyar shimfiɗa ita kaɗai zai ce gaɓa ce, alhali baƙi ne suka yada zango.

Na biyu ya fi wannan girma: zaftarewar ƙasa a cikin teku. A watan Nuwamba na 1929 an yi girgizar ƙasa a tekun da ke kudu da tsibirin Niyufaunlan na Kanada, wayoyin tangaraho 12 da ke shimfiɗe a ƙasan teku suka tsinke, na nesa suna tsinkewa sa'o'i bayan na kusa. Daga baya aka gane ambaliyar laka da yashi ce ta gangara da gudu ta bi ta kansu. Irin wannan ambaliya takan kwashi jatan lande da ransu daga ruwa mara zurfi ta zubar da su can ƙasa, su kuwa su ci gaba da haƙa har su mutu. Akwai wani rami mai bango da 'yan curin laka, kamar an jera tubali, sunansa Ophiomorpha. An daɗe ana ɗaukarsa tambarin gaɓa, domin a yau ana ganin jatan lande na gina shi a gaɓar Jojiya ta Amurka. Sai ga danginsa a duwatsun ƙasan teku.

Na uku, zamani. Dabbobi ma suna ƙaura. Mai zanen tsintsiya, a duwatsun da suka haura shekara miliyan 300, ana samunsa da yawa a ruwan da ba shi da wani zurfi. A na shekaru miliyan 60 zuwa yau kusan sai a ruwa mai zurfi. Saboda haka kafin ka tambayi sawu zurfi, tambayi dutsen shekarunsa.

Na huɗu shi ne abin da Bahaushe ya riga ya faɗa, sawun giwa ya taka na raƙumi. A cikin laka dabbobi hawa-hawa suke zaune, wasu a sama, wasu taƙi ɗaya a ƙasa, jatan lande kuwa na iya nutsawa mita 2. Yayin da laka ke ƙaruwa, na ƙasa suna hawowa su ratsa aikin na sama su goge shi. Abin da ya rage a dutse sawun mai zuwa ƙarshe ne, ba na dukan mazauna unguwar ba.

Shi ya sa ba a yanke hukunci da shaida ɗaya. Ana haɗa rukunin sawu gaba ɗaya da girman ƙwayar dutsen, da zanen da raƙuman ruwa suka bari, da ƙananan gawarwakin da ake gani a madubin ƙara girma. Mai bin sawun shanun da aka sace ma ba kofato kaɗai yake kallo ba, yana duba kashi, da ciyawar da aka karya, da inda suka sha ruwa.

Idan dutse ba shi da sawu ko ɗaya fa, ruwan ya yi zurfi sosai ke nan?

Ba lallai ba. Rashin sawu ya fi nuna rashin iska ko yawan gishiri. Idan oksijin na raguwa a ƙasan ruwa, manyan ramuka ne ke fara ɓacewa, sai matsakaita, har ya rage wani siriri mai rassa kamar saiwar ciyawa, Chondrites. In shi ma ya ɓace, shimfiɗun laka sukan kwanta lafiya kamar shafukan littafi, ba mai tona su.

Misalin da na fi so shi ne dutsen Solnhofen a kudancin Jamus, mai kimanin shekara miliyan 150. Wani lungun teku ne mai ɗumi kusa da tudu, amma ƙasansa ba ya rayuwa. A can aka samu sawun wata dabba mai kwalkwali, dangin ƙaguwa a ido, da ta faɗo ƙasan ruwan ta yi tafiyar kusan mita 10, ga sawun, ga ita kanta a ƙarshensa a mace. Da wuya a samu sawu da mai shi wuri ɗaya haka.

Ana sanin dabbar da ta yi kowane sawu?

Sau da yawa ba a sani, shi ya sa ake ba sawun sunansa daban. Dabba ɗaya na iya barin iri uku: tana tafiya suna ɗaya, ta tsaya ta lafe wani suna, ta haƙa wani. Dabbobi daban-daban kuma na iya barin iri ɗaya. Cruziana, mai layi biyu da ƙarce-ƙarce kamar sawun tayar tarakta, yawancinsa aikin wasu halittu ne da ake kira tirailobait, waɗanda suka ƙare shekara miliyan 252 da suka wuce. Amma an same shi a duwatsun da suka biyo bayan ƙarewarsu, wasu ne suka gaji sana'ar.

Wanda ya fi ɗaure kai shi ne Paleodictyon, raga mai kusurwa shida-shida, sak saƙar zuma, da ake samu a duwatsun ƙasan teku tun na shekara miliyan 500. A 1976 wani masanin teku ɗan Amurka, Peter Rona, ya ga irin zanen a hotunan da aka ɗauko daga tsakiyar Atilantika, a zurfin da ya wuce mita 3,000. A 2003 shi da Seilacher suka bi da ƙaramin jirgin nutso, aka yanko lakar aka duba. Ga ragar nan daram, sabuwa, amma babu kowa a gida.

Na ji ana cewa wasu dutse suke hudawa, ba laka ba. Haka ne?

Haka ne, kuma a nan dutsen farar ƙasa ya bambanta da sauran. Lakarsa na iya daskarewa tun tana ƙasan teku, idan aka daɗe sabuwa ba ta sauka ba, ta zama kamar daɓe. Mai haƙa ba shi da aiki a nan, sai mai huda: wasu katantanwa da tsutsotsi da soson teku da ke narkar da dutse ko su goge shi. Gane su ba wuya. Rami yana kauce wa ƙwayar yashi ko ɓawo, huda kuwa tana yanka su biyu. Idan ka ga daɓe mai hudoji a tsakiyar bango, ka san an yi dogon hutu a wurin.

Akwai kuma hudoji ƙanana ƙwarai da gansakuka ke yi a jikin ɓawo, sai da madubi ake ganinsu. Gansakuka ba ta rayuwa sai da haske, hasken rana kuma ba ya amfanar tsiro ƙasa da kimanin mita 200 ko a ruwa mafi tsabta. Samun hudarta shaida ce cewa rana na kaiwa wurin.

Akwai irin wannan dutse a Kano?

A cikin birni babu. Kano na zaune a kan tsohon dutse mai tauri, giranit da danginsa, wanda ya narke ya sandare a can cikin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Shi ake fasawa a yi tsakuwar kankare, ba abin da ya taɓa haƙa rami a cikinsa. Jan da ke kan Dala da Gwauron Dutse marmara ce, ruwan sama da zafi suka dafa ta daga dutsen ƙasa, irin wadda Baba ya kawo mini. Idan ka nufi arewa maso gabas wajen Haɗeja da Gumel, yashi da yumɓun da ke can na tafki da kogi ne na kwarin Chadi, ba na teku ba.

Amma tekun na nan a Kano ta wata hanya. Buhun simintin da aka sauke daga Sakkwato ko Ashaka ƙasan teku ne da aka ƙona a zafin da ya kai digiri 1,450. Ramukan jatan lande da ɓawon katantanwa duk sun shiga murhu, yanzu suna riƙe da bulo a Hotoro da Rijiyar Zaki.

Teku a Sakkwato da Gombe? Yaushe?

Tsakanin kimanin shekara miliyan 100 zuwa 50 da suka wuce ruwan tekun duniya ya yi sama, ya shigo tsakiyar Afirka fiye da sau ɗaya, ya ja baya. Wani hannun teku mai ɗumi, mara zurfi sosai, ya ratsa inda Sahara take yau. Dutsen da ake haƙa a Ashaka ta jihar Gombe na kimanin shekara miliyan 90 ne da 'yan kai, cike da gawarwakin wasu halittu masu ɓawo a nannaɗe kamar ƙahon rago, dangin waɗanda ake samu a Aljeriya da Tunisiya, alamar ruwan a haɗe yake. Na Kalambaina da ke gefen Sakkwato ya fi ƙuruciya, miliyan 55 zuwa 60, akwai katantanwa da bushiyar teku a ciki. A yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, har aka sa masa sunan garin, Goronyosaurus. Can kudu kuma akwai Ewekoro a Ogun da Nkalagu a Ebonyi.

Obajana ta jihar Kogi, inda ake yin siminti ita ma, daban take. Dutsenta mabul ne, wato tsohon dutsen farar ƙasa da zafi da matsi suka sake dafawa. Siminti yana yi, amma duk wani sawu ya goge.

Wannan ba maganar Turawa ce kawai ba?

Tsarin sunayen nasu ne, amma lurar ta girme su. Al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya rubuta cewa hamadar Larabawa ta taɓa zama teku, hujjarsa kuwa ita ce ɓawon halittun ruwa da ake samu a cikin duwatsu idan ana haƙa rijiya da tafki. Da na faɗa wa Baba mai rijiya wannan, ya gyara zama.

Ban da cika kan ɗalibai, me yake amfanawa?

Man fetur da ruwan sha. Masu neman mai sukan zaro dutse daga rijiyar gwaji, dogo kamar taɓarya, kauri bai fi na gwangwanin madara ba sosai. A irin wannan ɗan yanki da wuya ka ci karo da gawar dabba cikakkiya, amma ramuka na ko'ina. Da su ake gane ina gaɓa take, ina zurfi yake, daga nan a yi hasashen ta wace fuska dutse mai riƙe mai ya miƙa. Ramukan kansu sukan zama hanyar ruwa. A wani filin mai na Saudiyya da ake kira Ghawar, wanda aka gano a 1948, akwai shimfiɗun dutsen farar ƙasa da tsoffin ramukan jatan lande suka mayar kamar rariya, mai da ruwa na bi ta cikinsu fiye da sauran dutsen. A kudancin Fulorida ma wani ɓangare na ruwan da birnin Mayami ke sha ta cikin irin waɗannan ramuka yake gudana a ƙarƙashin ƙasa.

Har kalandar duniya da sawu aka ja mata layi. Farkon zamanin da ake kira Kambiriyan, kimanin shekara miliyan 539, an kafa shi ne a wani bangon dutse a Niyufaunlan, daidai inda wani rami mai rassa ya fara bayyana.

In na tsinci dutse mai ramuka, yaya zan gwada?

Fara da tabbatar da irin dutsen. Kankare shi da ƙusa: dutsen farar ƙasa zai karce, giranit ba zai kula ka ba. Tara garin da ya fito, ɗiga masa ruwan lemon tsami ko ruwan kal, ka kawo kunne. In ya yi kumfa yana 'yar ƙara, shi ne. Kada ka je neman ruwan batir, ba a wasa da shi.

Sannan duba ramin. Na dabba kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, domin jikin mai haƙar bai canza ba. Saiwa kuwa tana sirancewa tana gangarawa. Duba ko abin da ya cika ramin ya bambanta da dutsen a launi. Jiƙa dutsen da ruwa, zanen zai fito.

Wanda ba zai iya zuwa Sakkwato ba, ya leƙa wajen masu sayar da tayil a Ƙofar Ruwa, ko ya dubi daɓen manyan gine-gine. Yawancin abin da ke kasuwa tangaran ne da aka buga wa hoto, za ka gane shi idan ka jera guda biyar ka ga zane ɗaya ya maimaitu. Na gaske, irin mai ruwan madara da ake yankowa daga Masar ko Turkiyya, babu biyu iri ɗaya, kuma zanen ya ratsa har gefen da aka yanka. Dabbare-dabbaren da ke rassa a jikinsa sau da yawa ramuka ne. Wani dutsen Kanada mai shekara miliyan 450, wanda aka yi wa majalisar dokokinsu ado da shi daga ciki, don wannan dabbaren ake sayensa da tsada.

In kuma Allah ya kai ka wurin haƙar dutsen, nemi izini tukuna, ka nisanci gindin bango. Kafin ka ɓalle yanki, ɗauki hotonsa a inda yake da biro a gefe don a ga girma, ka zana kibiya a jikinsa mai nuna sama. Ɗalibai da yawa sun kawo mini dutse mai kyau ba kibiya, na rasa ko bututun a tsaye yake ko a kwance, ya koma sawun keke. Mai kibiya kuwa, ka kai shi sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Bayero ko na Ahmadu Bello a Zariya, tare da sunan wurin da tsayin da ka ciro shi daga ƙasan bangon.